Cokali Biyu Cikin Shayi

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyata. Yau ku yafe min doguwar gaisuwa, raina a jagule yake. Ga wanda ya shigo yau, sunana Safiyyatu Ghali, 'yar Funtuwa, nas ce ni a wani asibitin kuɗi a nan Doha.

Bari in tuna muku inda nake tsaye. Shekarun baya ƙashin bayana ya goce wajen ɗaga wata majinyaciya, aka yi min aiki, likita ya rubuta min tiramadol. Ciwon ya warke, ƙwayar ta ƙi sakina. Ban taɓa ɗaukar ta majinyaci ba, Allah ne shaidata, amma ranar da na ga idona ya fara bin makullin kabad ɗin magani, da ƙafata na je wurin likitar ma'aikata, wata dattijuwa 'yar Sudan, na faɗa mata. Ba su kore ni ba. Suka sa ni a magani, suka mayar da ni ɓangaren da babu makulli a hannuna, sannan suka gindaya min sharaɗi: duk ranar da saƙo ya shigo wayata, in je in ba da fitsari kafin azahar. Sau ɗaya tak gwajin ya fito da datti, lasisina ya tafi. Asibitin kuma shi ne kafil ɗina, wato shi ya tsaya min a ƙasar nan, kun san ma'anar wannan. In iƙama, takardar zamana, ta mutu, sai akwati da jirgi.

To ku da kuke gani kamar barin ƙwaya shi ne wahalar, wallahi akwai wata wahalar a bayanta. Gwajin nan bai san niyya ba. Bai san kuskure ba. Mura za ta kama ni, ina ji ina gani ba zan sha maganin mura ba sai likitar ta duba sunansa. Ruwan kuskure baki na bar shi saboda alkohol ɗin ciki, asuwaki na koma. Ruwan goge hannun nan da kowace nas ke matsawa sau ba adadi, ni sai dai sabulu da famfo, har bayan hannuna ya tsattsage kamar na mai wankau. Turare in ba na mai ba ne, ba na fesawa. Kek ɗin biki ban san me aka ɗiga masa ba, ba na ci. A babban kanti ni ce mai tsayawa tana juya kwalba tana karanta ƙananan rubutu, masu turo amalanke suna tsaki a bayana. Likitar ta ce min wasu daga cikin abubuwan nan ba lallai su nuna ba. Na ce mata, Dokta, ni ba ni da halin gwada sa'a.

Mutum ɗaya ne a danginmu ya san wannan, Yaya Aminullahi, wanda yake koyarwa a jami'a yake zaune da iyalinsa a unguwar Aziziya. Ranar da na faɗa masa bai ce min sannu ba. Gilashinsa ya cire ya goge da bakin riga ya ce, "Maganar nan ta mutu a falon nan. Baba hawan jini gare shi. Kuma ke mace ce, in ta fita ba ki ba miji."

Sai ga Badaruddeen.

Injiniya ne a kamfanin gas, ɗan Gusau, dogo, mai yawan dariya da ƙaramar murya. A gidan Yaya muka haɗu wurin cin abincin Sallah. Mutumin nan bai taɓa ɓoye min komai nasa ba, har auren da ya yi ya mutu tun yana ɗalibi ya faɗa min a zamanmu na biyu. Ni kuwa na bar shi yana fassara ni yadda ya ga dama. Ya kai ni kasuwar Souq Waqif zai saya min turare, na tambayi mai shago ko na mai ne, sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe ustaziya na samu." Ya kawo min kek ɗakina a unguwar Muntazah, na ba maƙwabtana 'yan Filifin, ya ce ina tsoron ƙiba ne. Har suna ya sa min, Hajiya Ba-na-ci. In ya faɗa sai in yi dariya.

Sau uku ina rubuta masa gaskiya a waya ina gogewa. Da na tuntuɓi Yaya kuwa cewa ya yi, "Iyayensa sun kai gaisuwa Funtuwa, an sa rana bayan Babbar Sallah. Yanzu za ki tono abin da Allah ya rufe? Khalas, magana ta ƙare, Safiyya. Bayan aure kya san yadda za ki yi."

Ana haka Gwaggo Sanatu ta sauka. Ƙanwar Baba ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar Innarmu. Yaya ya yi mata bizar ziyara don ta zo ta gyara amarya, tun da ni ba zan samu hutu ba sai dab da biki. Ranar Alhamis na taso daga aiki na wuce Aziziya da niyyar yin hutun ƙarshen mako a can. Na tarar da ita a ɗakin baƙi ta baje a kan kafet cikin atamfa ruwan ganye, ta ture ɗankwali gefe, ta zazzage jakunkuna. Robobin tsimi da aka naɗe da leda da salatif, gumba, garuruwa kala-kala a ƙullin leda babu suna babu komai, sassaƙe, har da wata zuma baƙa ƙirin mai warin jiƙo. Ɗakin ya gauraye da ƙanshin kanumfari da turaren wuta. Na faɗa jikinta, ta rungume ni tana shafa kaina.

"Auta, haka kika rame? Wannan tarin fa?"

"Sanyin esi ne, Gwaggo. Zai wuce."

Kwana da kwanaki ina fama da tarin nan, ruwan ɗumi da zuma da lemon tsami kawai nake sha.

Ta tsiyayo tsimi a kofi ta miƙo min. Tsaminsa kaɗai ya gaya min ya kwana biyu yana tsimuwa. Na karɓa na riƙe.

"Sha mana."

"Gwaggo, ba na shan abin da ban san haɗinsa ba. Dokar wurin aikinmu ce."

"Dokar wurin aiki ta hana mace gyara?" Ta dubi Anti Rahma, matar Yaya, da ke tsaye a bakin ƙofa. "Kin ji min boko. Ni da hannuna na je har Sakkwato na haɗo kayan nan, na sha tambaya a filin jirgi kamar ɓarauniya."

Na ajiye kofin a hankali. Da dare ta kawo gumba, na ce na ƙoshi. Da safe ta dama gari a nono, na ce cikina yana ciwo. Kafin a tafi masallacin Juma'a ta ja ni banɗaki ta rufe ƙofa, ta riƙe haɓata tana leƙa idona.

"Ki gaya min tsakaninki da Allah. Ciki gare ki?"

Hmm. 'Yan uwa, kun ji inda rufin asirin Yaya ya kai ni. Matar da ta goya ni ce take zargina da cikin shege, don an hana ta sanin gaskiya. Na rantse mata har da hawaye. Ta sake ni, amma na ga ba ta gamsu ba.

Bayan an ci abincin rana tarin ya turnuƙe ni a falo, har sai da na durƙusa ina riƙe ƙirji. Gwaggo ta tashi ta shiga kicin, ta fito da shayi a babban kofi yana tururi.

"Ungo. Citta ce da kanumfari da zuma. Ko shi ma dokar ta hana?"

Anti Rahma ta yi 'yar dariya. Yaya yana kujerarsa da farar jallabiya yana latsa waya, bai ko ɗago ba. Na shinshina, citta ce ta buge ni. Na gaji da ganin ɓacin rai a fuskar tsohuwar nan. Na ce a raina, shayi ne dai, Safiyya, kar ki zama mahaukaciya. Zaƙinsa ya yi yawa, na ɗauka zumar ce. Na shanye tas.

Ina kwance a ɗaki bayan la'asar na ji shi.

Ba zan iya kwatanta muku ba sai wanda ya taɓa sani. Wani ɗumi ne yake tasowa daga ciki, ya bi kafaɗu ya sauke su, ya sa duniya ta yi laushi kamar an lulluɓe ta da bargo. Tarin ya tsaya cak. Abin da ya fi ƙona min rai har yanzu da nake rubuta muku, kafin tsoro ya zo, daɗi ne ya fara zuwa. Jikina ya yi maraba da shi kamar baƙon da aka daɗe ana jira. Duk wahalar da na sha, duk amai da rawar sanyin da na yi ni kaɗai a ɗakina lokacin da nake yaye kaina, ashe jikin nan bai manta ba.

Na tashi da bin bango na same ta tana lazimi.

"Gwaggo, me kika sa min a shayi?"

Ta ɗaga carbi alamar in jira. Ban jira ba.

"Don girman Allah me kika sa?"

"Ke, lafiyarki? Maganin tari ne na ɗan zuba miki cokali biyu, tun da na ga in an ce magani sai ki noƙe. Ba ga shi ya tsaya ba? Shi nake sha in sanyi ya kama ni, yaron kemis ɗin layinmu ne ya ba ni."

Ta janyo jakarta ta zaro kwalbar daga cikin ƙullin zani. Ƙaramar kwalba ce ruwan ƙasa, murfin ya yi danƙo. Na juya ta. Kodin. An rubuta shi ɓaro-ɓaro.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ga Yaya a bakin ƙofa. Na miƙa masa kwalbar. Ya karanta, ya dube ni, ya dubi Gwaggo, ya ce mata, "Ba komai Gwaggo, maganin ne ba ya karɓar ta." Ya ja hannuna zuwa ɗakin karatunsa ya murɗa makulli.

"Yaya, zan kira likitata yanzu. Dokar ita ce in an yi kuskure in faɗa tun kafin su neme ni. In kai musu kwalbar su gani."

"Ki kai musu me?" Ya rage murya. "Kin san hukuncin shigo da wannan ƙasar nan babu takardar likita? Tsohuwar nan kike so a kira ofishin 'yan sanda? Da sunana aka yi mata biza, Safiyya. Ni ne na tsaya mata. Aikina, karatun 'ya'yana, duk ki jefa a ruwa saboda cokali biyu?"

"To ni fa? Nawa aikin fa?"

"Yaushe rabon da su kira ki?"

"Makon jiya."

"To kin gani. Ba za su sake kira yanzu ba. Ki yi ta shan ruwa, kwana biyu ya fita."

"In fitsari ya tsinke da ruwa shi ma faɗuwa ce a wurinsu. Yaya, da ka bar ni na gaya mata tun farko, da ba ta zuba ba."

Nan ya juyo gaba ɗaya. "Au, ni ne ma mai laifin? Ni na ce ki zama 'yar ƙwaya?"

Tunda abin nan ya same ni babu wanda ya taɓa kirana da sunan nan, ko a asibiti. Sai ɗan uwana, uwa ɗaya uba ɗaya. Na tsaya ina kallon kwalayen digirinsa da ke jere a bango. Ya buɗe durowar teburinsa ya jefa kwalbar ya mayar ya rufe.

Kuma ban kira likitar ba. Ku zage ni, na cancanta. Na riƙe wayar har aka kira magariba, ina hango fuskar Gwaggo a gaban ɗan sanda, ba Larabci ba Turanci. Badaruddeen ya turo saƙo: "Hajiya Ba-na-ci, gobe da safe zan zo gaida Gwaggo. Me take so in kawo mata?" Na rubuta masa, "Dabino ya isa." Ya turo hoton zuciya.

Asabar da safe ina ninke sallaya wayar ta yi ƙara. Tun kafin in duba na sani. "Ki zo ɗakin gwaji yau kafin ƙarfe goma sha biyu."

Na zauna a bakin gado. Da jiya na kira, kuskure ne. Yau kuwa duk abin da na faɗa, uzurin wadda aka kama ne. Abin da nasihar Yaya ta jawo min ke nan.

Na yi wanka na sa baƙar abaya mara ado, na yafa mayafi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Yaya ya fita kai yara wurin ninƙaya. Na shiga ɗakin karatunsa, durowar ba a kulle take ba. Na ɗauki kwalbar na jefa a jaka. Ina fitowa na yi kiciɓis da Gwaggo a tsaye a korido, ta ci kwalliyar tarbar suruki, leshi ruwan hoda da sarƙar zinarenta ta Makka.

"Auta, jiya ban runtsa ba. Me na yi miki? In guba na ba ki ki faɗa min."

Na kama hannunta na zaunar da ita a kujerar cin abinci, na durƙusa a gabanta na faɗa mata. Ban yi ado ba, ban rage ba. Ta ƙura min ido, bakinta yana motsi. Can ta ce, "Shekara nawa kina cikin wannan?" Na faɗa mata. Ta ce, "Aminullahi ya sani?" Na gyaɗa kai. Sai ta dafe kanta da hannu biyu.

"Ni na yi miki wanka kina jinjira a ɗakin uwarki, ni na yaye ki. Amma aka mayar da ni bare, har na zuba miki wuta da hannuna." Ta share ido da gefen mayafi. "Kai musu kwalbar. In ɗaure ni za su yi su zo, na tsufa, na wuce tsoron kurkuku."

Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ƙararrawar ƙofa ta buga. Badaruddeen ne, cikin shadda fara ƙal da hula zanna, da kwalin dabino a hannu. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ta amsa da muryar da ta sha kuka. Ya dube ni da alamar tambaya.

"Injiniya, don Allah kai ni asibiti. An neme ni."

"Yau Asabar? Yalla, mu je."

Muna hawa babban titi wayata ta fara ruri. Yaya. Anti Rahma ta gaya masa ke nan. Na ƙi ɗauka. Saƙo ya biyo baya: "Ki dawo min da abin da kika ɗauka." Wani ya sake shigowa: "In kika ambaci sunan gidana a wurin nan, babu ni babu ke." Na kifa wayar a cinya. Badaruddeen yana ta ba ni labarin gidan da ya gano mana, mai tagar kicin tana kallon filin wasan yara. Yana cewa in na ga labulen da ke ciki ban so ba a canza. Ni dai ina kallon dogayen gine-gine suna wucewa cikin ƙurar zafi, ina ji kamar yau ne ganina da su na ƙarshe.

Da ya tsaya a wurin ajiye motoci na asibiti, na ce kar ya kashe esi, ina da magana. Na zaro kwalbar na ɗora a gabansa.

"Ba ustazanci ne ya hana ni turarenka ba, Badaruddeen. Ba tsoron ƙiba ne ya hana ni kek ba."

Na faɗa masa tun daga ciwon baya har shayin jiya. Ban kalle shi ba, hannunsa nake kallo a kan sitiyari. Da na fara, yatsunsa suna ɗan bugawa. Da na kai tsakiya suka tsaya.

"Da za ki faɗa min kafin ɗaurin aure?" ya tambaya.

Ƙarya ta zo min har bakin leɓe. Na haɗiye ta. "Ban sani ba."

Ya jinjina kai a hankali. "Ranar da kawunnaina suka je Funtuwa, Dokta Aminullahi ya san da wannan?"

"Ya sani."

"Na tambaye shi, Safiyya. A masallaci na tambaye shi ko akwai abin da ya kamata in sani, don ni an taɓa rufe ni a auren fari. Ya dafa kafaɗata ya ce babu."

Ban san da wannan ba sai a lokacin. Agogon motar ya nuna saura kaɗan sha biyu.

"Shiga kar ki makara," ya ce. Ba faɗa a muryarsa, ba kuma taushi. Bai kira ni da sunan tsokanar nan ba.

"Zan same ka in na fito?"

Ya miƙo min kwalbar, na karɓa na fita. Zafin rana ya mare ni. Na taka har ƙofar gilashi, ta buɗe da kanta, sai na kasa shiga ban waiwaya ba.

Motar tana nan inda take. Ya kafa waya a kunne, ya cire hularsa ya ajiye, yana magana yana sara iska da hannu. Ban san ko Yaya yake kira ba, ko Hajiyarsa a Gusau.

Daga bayana na ji an ce, "Sista Safiyya?" Likitar ce da kanta a tsaye, riƙe da 'yar robar fitsarin da aka manna wa sunana. Idonta bai tsaya a fuskata ba. Kan kwalbar da ke hannuna ya sauka.

"Wannan ta waye?" ta ce.